Me ya sa ba a haɗiye 'yar ƙwayar ciwon ƙirji?

Autar Baba: Salamu alaikum. Likita ya rubuta wa Babanmu magani iri biyu saboda ƙirjin da ke riƙe shi idan ya hau bene. Ɗaya 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce, nitiroglisirin, wai a ƙarƙashin harshe ake sa ta. Ɗayan isosobayid mononaitiret, shi da ruwa yake sha. Jiya na tarar ya haɗiye ƙaramar, na yi magana, ya ce "ai duk ciki ɗaya za su." Na rasa amsar ba shi. Da gaske akwai bambanci?

Mai Haɗa Magani: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai, babba ma. Abin da aka haɗiye, daga hanji hanta jini ke fara kai shi, ita kuwa hanta tana lalata nitiroglisirin kusan ƙaf kafin ya zagaya jiki. Ƙarƙashin harshe fatar ba kauri, jijiyoyin jini na kusa, sai maganin ya shige ba tare da ya bi ta hanta ba. Cikin minti 1 zuwa 3 jijiyoyi sun saki, nauyin da ke kan zuciya ya ragu. Sai dai ba ya daɗewa. Kamar minti 3 rabinsa ya bar jini, kafin rabin awa aikinsa ya ƙare. Mononaitiret kuwa hanta ba ta tare shi a hanya, kusan duka yake shiga jini, sai bayan awa 5 rabinsa ke fita, ragowar ƙoda ta zubar ta fitsari. Shi na rigakafi ne, ƙaramar ta lokacin da ciwo ya taso.

Dattijo: 'Yata, ni nitiroglisirin na mannawa a fata nake amfani da shi. Da fari na ƙi cirewa da dare, a ganina hakan ya fi. Ashe jiki sabawa yake yi, maganin ya daina tasiri, dole a ba shi hutun awa 10 zuwa 12 kullum. Ki ce ya zauna kafin ya sa 'yar ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ni a tsaye na sa, jiri ya kusa kayar da ni. Ciwon kan da maganin ke sawa farko-farko kuma yakan lafa.

Mai Haɗa Magani: Na manta. Kada a haɗa su da Viagra ko danginsa, jini na iya faɗuwa warwas. In kuma minti 5 ta wuce da sa ƙaramar ƙwayar ƙirjin bai sake shi ba, asibiti kawai.

Autar Baba: Na gode ƙwarai. Na karanta masa, ya ce to a daina ajiye masa ruwa kusa da kwalbar.