Goyon ciki a ƙauye ko in zauna Garwa in haihu? Dan Allah ku bani shawara

Amaryar Yelwa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, dan Allah shawara nake nema, kunya ta hanani buɗe baki a gida shiyasa na kawo nan. Cikin fari ne dani ya shiga wata bakwai, ina aure a Garwa amma iyayena suna wani ƙauye can bayan Lagdo. Inna ta aiko wai in shirya ƙarshen watan nan za'a zo a tafi dani goyon ciki, a ɗakinta zan haihu kamar yadda yayyena sukayi, ungozomar da ta karɓi haihuwarsu ma tana nan da ranta. To ni damuwata lissafin da sajfam, wato ma'aikaciyar karɓar haihuwa ta asibiti, tayi min haihuwar cikin Agusta zata faɗo, tsakiyar damina, kuma garinmu in mayo, wato kogi, ya kawo ruwa ba mota ba ko moto (babur) bata ƙetarewa sai an jira ya janye, santir ɗin, wato ƙaramin asibitin, da ke kusa damu ma tana wancan ƙetaren ne.

Sannan kwanan nan ƙafafuna na kumbura, da safe zobe baya fita a yatsana, kaina kuma yana sarawa. Uwar mijina tace zaƙi ne yayi min yawa zata jiƙa min saiwa. Maigida yace shi bazai ja da maganar surukarsa ba. Na sayi shek sante, takardar lafiyar da ake sayar wa masu ciki, tun awon farko amma har yau ban gane me da me ya ƙunsa ba, ko zai yi min aiki in na tafi can. Wlh bana son saɓawa Inna amma tsoro nake ji.

Maman Sadiƙu, Marwa:

Wa alaikissalam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Nidai abinda ya sameni zan faɗa miki ki auna da kanki. Nima cikin fari aka kaini gida, damina ce kamar taki, naƙuda ta kamani da magariba nayi shiru saboda kunya, kinsan yadda ake cewa 'yar fari bata raki, har gari ya waye rana ta sake faɗuwa ina durƙushe, ana bani rubutu ana cewa in yi nishi alhali kan yaron ko saukowa baiyi ba. Da suka ga abin yafi ƙarfinsu aka fara neman abin hawa, ga ruwa ya cinye hanya, a kan amalanke aka fiddani zuwa bakin titi. Koda muka isa lopital, wato babban asibiti, yaron ya riga ya koma, ni kuma aka shiga dani tiyata, da na farfaɗo likita yace saura kaɗan mahaifar ta fashe. A ɗakin da aka kwantar dani akwai wata yarinya da bata kai ni shekaru ba, ita doguwar naƙudar yoyon fitsari ta bar mata, har yau in na tuna fuskarta sai zuciyata ta karye.

Bana ganin laifin mahaifiyata, abinda ta gada tayi kuma tafi kowa kuka. Amma sauran 'ya'yana duk a materniti, ɗakin haihuwa na asibiti, na haifesu, ita take zuwa ta zauna dani, in anyi suna mu tafi gida wanka tare. Ki roƙi Inna ta zo Garwa.

Adda Sajfam, Ngawundere:

Ƙanwata kafin maganar inda zaki haihu, gobe da safe in Allah ya kaimu ki ɗauki karnenki, wato littafin awonki, kije inda kike awo a gwada miki tansiyo, wato awon hawan jini, da fitsari, kar ki jira ranar randebu, ranar da aka ce ki koma. Kumburin ƙafa kaɗai da yamma yawancin masu ciki nayi, amma in ya hau hannu da fuska ga ciwon kai, mu a wurin aiki hawan jinin ciki muke fara zargi, yana zuwa ne bayan sati 20 kuma masu cikin fari yafi kamawa. In tansiyo ya kai 14 bisa 9, wato 140/90, kuma aka ga furotin a fitsari, to sai an sa miki ido sosai don shine yake rikiɗewa ya zama jijjiga, wadda a gida ake cewa iska ce ko maita ana turare ana tofi lokaci na tafiya. Akwai allurar da muke yi ta hana jijjigar, manyeziyom sulfat, kuma ba'a samunta a ɗakin ungozoma. Saiwar zaƙi ki dakata da ita. In kika fara ganin duhu-duhu ko walƙiya a ido, ko ciwo a saman ciki wajen ƙahon zuci, ko jini, ko ruwa ya fashe, ko yaro ya rage motsi, ko tsakar dare ne a tashi a tafi.

Shek sante kuma kin yi dabara da kika saya. An fara shi a 2015 a nan yankunanmu uku na Kamaru, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus, sefa 6000 ɗin nan da kika biya ta ƙunshi awo, eko wato hoton ciki, haihuwa, matsalar da ta taso dalilin cikin har da sezariyen, tiyatar haihuwa, in ta kama, da kula dake da jaririn har kwana 42 bayan haihuwa. Sai dai ba kowace santir ke karɓarsa ba sai wadda aka saka cikin tsarin, don haka ki tambayi wadda ta sayar miki ko ta wajen garinku na ciki. Kuma ko tana ciki, santir ta ƙauye bata tiyata bata ƙarin jini, tura ki zasuyi gaba, ga mayo a tsakani.

Abinda yafi tsoratani a haihuwar gida shine zubar jini. Mace lafiyayya ta haihu sumul kowa na barka, mabiyiya ta ƙi faɗowa ko mahaifa ta ƙi tsukewa, cikin awa biyu ana iya rasata, kuma babu wanda ya isa ya faɗa miki tun da wuri wacece zata zubar. A materniti yaro na fitowa muke yin allurar oksitosin saboda haka. Ina girmama ungozomomi wlh, da yawansu su suke rako mana mata da kansu yanzu, amma hannu da addu'a kawai garesu.

Sauran awonki kar ki yi wasa dashi, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 tace a ga mai ciki sau 8 ne ba 4 ba. Fansidar, maganin kare zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku da ake baki ki haɗiye a gabanmu duk wata, maganin ƙarin jini kullum ko yana tada miki zuciya ki sha da dare bayan tuwo, allurar tetanos, da gidan sauro tunda damina ta kama palu, zazzaɓin cizon sauron, zai yi yawa, shi kuma yana shanye jinin mai ciki ya sa yaro ya fito ƙarami.

Hajiya Goggo, Kusiri:

'Yata naji duk abinda suka faɗa kuma gaskiya ne, amma bari in yi magana a madadin Innarki tunda nima na aurar na kuma karɓi goyon ciki. Ba taurin kai ne yasa muke cewa ku zo gida ba, tsoro muke kar yarinya ta haihu a hannun dangin miji tana jin nauyin cewa ga inda ke mata ciwo, babu mai dama mata kunu babu mai tashi da dare ya karɓi jariri. In kika aika mata da cewa bazaki zo ba zata ji kamar kin raina ɗakin da aka haifeki, mutanen gari kuma suce 'yar birni tafi ƙarfin uwarta. To kar ke ki faɗa. Mijinki ya nemi babba, kawunki ko goggonki wadda Inna ke jin maganarta, suje takanas da goronsu da kuɗin mota suce likita ne ya hana tafiya saboda jini ya hau, ana roƙon ta zo ta riƙe 'yarta. Babu uwar da zata ji haka ta zauna. Shi kuma mijin naki a faɗa masa kawaici ba nan wurin bane, amana ce a wuyansa.

Tawa 'yar a Njamena take aure, gada ce kawai tsakaninmu, duk da haka ni na tattara na koma can wata guda kafin lokacinta saboda ba'a ƙetare iyaka da dare yadda aka ga dama.

Ummu Hanan:

Ki cire tsoron tiyata ma in har ya zo, biyu nayi gani nan ina aikina. Masu cewa raguwa ce ake yankawa basu san me suke faɗa ba. Abu ɗaya dai, tun yanzu ku san rukunin jininki ku tanadi mutum biyu da zasu iya bayarwa, da lambar mai mota na unguwa wanda zai ɗaga waya da dare, da ɗan kuɗi a gefe ko da shek a hannu. Kuma maigida ya kasance kusa, ni a kan idona wata ta daɗe a kwance ana jiran mijinta ya zo ya sa hannu yana can kasuwar ƙauye waya bata shiga.

Amaryar Yelwa:

Nagode iyayena Allah ya saka da alheri, Maman Sadiƙu Allah ya sa mai ceto ne. Naje yau, tansiyo 15 bisa 9 suka samu, sun bani magani sunce in riƙa dawowa duk sati kuma sajfam ɗin ta kira maigida ta yi masa bayani da kanta, jikinsa yayi sanyi sosai, jibi zai tafi wajen Kawu. Adda saura tambaya ɗaya, in Inna ta zo nasan wankan jego da kunun kanwa ba fashi, da wannan hawan jinin zan iya?

Adda Sajfam, Ngawundere:

Alhamdulillahi da kika je. Kunun kanwa kam a'a, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara hawan jini, likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka lura matan da ke shan ta da yawa suna kwanciya kan gadon wuta zuciyarsu na kumbura bayan haihuwa. A dama miki kunun gyaɗa ko na tsamiya, ki ci nama da ganye ki sha ruwa, nono zai zo. Wanka kiyi da ruwa mai ɗumi wanda fatarki zata ɗauka, ganyen darbejiya ba laifi, amma banda tafasasshe, in kuma tiyata akayi kar a fyaɗa a kan ɗinkin. Dakashin farko a ba yaro kar a matse a zubar, cibiya kuma maganin da muka baku kaɗai za'a sa mata.

Hawan jinin nan baya tafiya ranar haihuwa, jijjiga na iya zuwa cikin satin suna ma, saboda haka tafiya gida wanka sai an gwada ki an ce ya sauka. In Inna ta iso ki taho da ita awo ko sau ɗaya ne, a zaunar da ita a yi mata bayanin da bakin ma'aikaciya.