Me za mu kira "hot swap" da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu harkar manhaja, ku zo mu yanke wa wata kalma hukunci: abin da Turawa ke cewa "hot swap" ko "live reconfiguration". Wato a canza manhaja, ko saitinta, ko yawan kwamfutocin da ke ɗauke da ita, alhali tana tsakiyar aiki. Ba a kashe ta ba, mai amfani da ita ma bai san an taɓa komai ba.

2/ Masu harkar tarho sun daɗe da wannan buƙata, don ba a kashe na'urar haɗa kira ana tsaka da magana. A 1986 Joe Armstrong da abokan aikinsa suka fara ƙera Erlang, wani yaren rubuta manhaja, a kamfanin Ericsson na Suwidin. Erlang na riƙe tsohon zubin manhaja da sabo lokaci guda: aikin da ke kan tsoho ya ci gaba da abinsa har ya ƙaura zuwa sabo. In aka ɗora zubi na uku, sai a share na farko, duk aikin da ya maƙale a kansa a kashe shi. WhatsApp ma da Erlang yake aiki.

3/ An kawo "sauyin zafi". Haba! Bahaushe na jin wannan bazara zai tuna, ko zazzaɓi. An kawo "gyaran kai tsaye". Rediyo da talabijin sun riga sun mallake "kai tsaye", gyara kuma sai abin da ya ɓaci. Sau tari lafiya ƙalau manhajar take, ƙarin kwamfuta kawai ake so.

4/ Ni dai na tsaya kan "sauyi a tafe". Muna cewa mutum na ci a tafe, yana magana a tafe, bai tsaya ba. Ga ta da daɗin lanƙwasawa: "mun sauya saitin a tafe", "wannan ba ya sauyuwa a tafe".

5/ Tana kuma nuna inda haɗarin yake, wato tsakiyar hanya, inda tsohon tsari da sabo ke cuɗe. Shi ya sa a tsarin Raft, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout suka fitar a 2014, don rukunin kwamfutoci su riƙa yanke shawara ɗaya ƙarƙashin shugaba guda daga cikinsu, idan ana sauya mambobin rukunin sai rinjayen tsohon rukuni da na sabo sun amince tare kafin a zartar da komai, kada shugabanni biyu su ɓulla.

6/ Wanda ake kashe kwafin manhaja ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbinsu da sababbi, kamar yadda Kubernetes (manhajar da ke kula da gudanar da wasu manhajoji a kan kwamfutoci da yawa) ke yi, wannan a ba shi nasa suna: "sauyin bi-da-bi".