Kwanan da muka yi tsakanin Tanut da Agadas

Ɗan Fagge: Jama'a, abin nan yana ci mini rai. Na je Agadas ta Daura da Kwangwalam da Zinder. Mun wuce Tanut kenan fanbel ya tsinke, muka kwana a daji kan rairayi, sanyin asuba har cikin ƙashi. Wasu Buzaye suka hura gawayi suka dafa mana shayi zagaye uku, suka ba mu cuku. Wallahi daren nan ya fi zauna mini a rai a kan hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 da na je gani. Amma tun da na dawo abokaina ke mini dariya, wai na sayi wahala da kuɗina. Ni na ce wanda bai taɓa kwana a hanya ba bai yi tafiya ba.

Badamargu: Malam, wane dajin? Inda ka sha shayi ka ci cuku shi ne daji? Ƙasar Damargu ce, akwai rijiyoyi, akwai masu ita.

Ɗan Fagge: Ɗan'uwa, ban yi nufin raini ba. Ba gari, ba fitila, me zan kira shi?

Hajiya daga Maraɗi: Haka kuke, Kanawa. Duk inda babu Kantin Kwari daji ne a wurinku.

Malamin makaranta: A Hausa, daji duk wurin da ke bayan gari ne. Makiyayi ma cewa yake ya tafi daji.

Badamargu: Makiyayi na da ikon faɗa, Malam, gidansa ne. Baƙon da ya kwana ɗaya fa?

Direban tirela: Ku bar batun daji. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan. Kwanan da yaron nan ke wa kirari, mu asara ce: kaya na jira, mai kaya na kiran waya. Ƙanena, kai ka ga taurari, direbanka yana lissafin kuɗin gyara.

Ɗan Birni: Kuma kai Ɗan Fagge, wa ya ce maka Zinder? Damagaram muke cewa.

Malamin makaranta: Zinder gari ne, Damagaram sunan daular. Shi ne ma babban birnin Nijar kafin Turawan Faransa su mai da shi Yamai a 1926.

Ɗan Birni: Yallaɓai, kada ka koya mini sunan garin ubana.

Hajiya daga Maraɗi: Ai ku ma da Katsinawan Maraɗi kuka samu, da kun ce ƙauye ne.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Ni ma Bakano ne, kuma na karanta komai. Yawancinmu mun yarda Ɗan Fagge ya yi gaskiya, kalmar daji daidai take, 'yan'uwanmu na Nijar ne suka ɗauki zafi. An rufe maganar.

Badamargu: Yawancin su wa? Ƙirga mu.