Wane suna za mu ba alwatikar da ke kan ginshiƙai?

Malamar Samaru: Jama'a a agaza, gobe ƙarfe takwas zan shiga aji. Ina fassara bayanin zauren taron birnin Birmingham na Ingila, wanda aka buɗe a 1834, aka ɗauko fasalinsa daga wani tsohon haikalin Roma. Ginshiƙai ba su ba ni wuya ba. Inda na cije shi ne "pediment", alwatikar nan da ke zaune a kan ginshiƙan gaba, irin ta tsohon haikalin Parthenon a Girka.

Ɗan Tudun Wada: Rawani mana, Malama.

Tsohon Magini: A'a ƙanena, rawani yana da mai shi. Shi ne wanda muke zagaye bakin soro da shi. Su can rufinsu mai gangare biyu ne don ruwa ya zurare, to tsakanin gangaren nan ta gaba shi ne wannan fili, har sassaƙa suke yi a ciki. Mu azara muke shimfiɗawa, indararo ya fitar da ruwa. Abin da ba ka ginawa ina za ka raɗa masa suna?

Bakano: Laya! Ku dubi hoton, sak layar wuya. Layar gini, an gama.

Bazazzagi: Sai Kano ta koya mana gini? A garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a tun zamanin Sarki Abdulkarimu? Zanko ne kawai.

Tsohon Magini: Zanko a kusurwar saman soro yake tsayawa kamar kunnen zomo, ba ya kwanciya a kan ginshiƙi.

Bakano: Shi ya sa na ce laya. Kuma ku tambaya wa ya fi Gidan Makama.

Bazazzagi: Layar ma ai galibi mai kusurwa huɗu ce. Ka taɓa rataya kuwa?

Malamar Samaru: Don Allah ku bar Kano da Zazzau su huta, goma ta wuce. Baba magini, in na ce goshin gini fa?

Tsohon Magini: Goshi dai yana sama da fuska, ba a yi ƙarya ba. Amma ki ƙara "mai alwatika", don kowane shago a Sabon Gari yana da goshi.

Bazazzagi: Ya yi tsawo, amma ya fi laya.

Malamar Samaru: Na rubuta haka, da fensir. Na gode.

Bakano: Ki nuna wa ɗaliban hoton kafin ki faɗa, mu ji me zai fara fitowa daga bakinsu.