Ɗan ƙanwata ya ce shi direban tseren mota zai zama, ta ina ake farawa?

Kawun Yaro, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya san harkar tseren motoci da gaske ya ba ni haske. Akwai ɗan ƙanwata da ke hannuna tun rasuwar mahaifinshi, shekarunshi 14, yana aji uku na ƙaramar sakandare. Duk sa'o'inshi ƙwallo sunka sa gaba, shi ko mota, ranar Lahadi sai ya roƙi wayata ya zauna bakin zaure yana kallon Formula 1 har data ta ƙare, ya san sunan kowane direba, hoton Lewis Hamilton ne manne bayan littafinshi na lissafi.

To satin da ya wuce ina masallaci sallar la'asar yaron ga ya ɗauki makullin motata, ya fitar da ita, ya juya, ya maido ta da baya ya aje daidai inda na barta. Ba don na tarar an matso da kujera gaba ba da ban gane ba. Na yi mishi faɗa sosai, amma wallahi raina ya yi ta mamaki don ƙofar gidanmu ƙarama ce, ni kaina sai na naɗe madubi nake shiga. Da na zaunar da shi sai ya ce Kawu ni fa sana'ar da nake so ke nan. Uwar tashi kuwa hankalinta ya tashi, gani take 'yan wasan mota na gidan biki zai shiga.

Shin abin ga sana'a ce da mutum ke ci da ita? Shi Hamilton ɗin ta ina ya faro? Kuma yaro daga Kebbi yana da hanya ko in fito mishi fili tun yanzu?

Malamin Lissafi, Gusau:

Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya jiƙan mahaifinsa ya ba ka ladan riƙo. Tun 2007 nake bin wannan wasa, shekarar da Hamilton ya shigo ke nan, don haka bari in ba ka labarinsa tunda shi yaron ya riƙe.

An haife shi 1985 a wani gari Stevenage a Ingila, kuma ba ɗan masu kuɗi ba ne, asalin dangin babansa daga tsibirin Grenada suke. Yana shekara 8 ya fara tsere da go-kat, wato 'yar motar nan da ba ta da jiki ba ta da rufi, kujera ce kawai dab da ƙasa da ɗan inji da tayoyi huɗu. Kusan duk direban da ka gani a Formula 1, wato F1, a kanta ya koyi sana'ar. Babansa Anthony sai da ya riƙa haɗa aiki biyu uku a lokaci ɗaya don ya sayi taya da mai, shi ne bakanikensa shi ne mai kai shi fili duk ƙarshen mako. Yana shekara 10 a wajen wani taron ba da kyauta ya je gaban Ron Dennis, shugaban ƙungiyar tseren McLaren a lokacin, ya ce masa wata rana yana so ya tuƙa motarsa. A 1998 McLaren suka ɗauke shi suka ci gaba da biya masa, yana ɗan 13. Nan ne fa asirin yake Kawu, da ba su ɗauke shi ba ƙarfin babansa ba zai kai ba.

Daga nan tsani ne, hawa hawa. Ya ci gasar Formula Renault ta Birtaniya 2003, ya ci Formula 3 ta Turai 2005, ya ci GP2 a 2006, wadda yanzu ta koma Formula 2. Sai 2007 ya shiga F1, baƙar fata na farko, kuma a shekararsa ta farko maki 1 tak ya hana shi kambu, Kimi Raikkonen ya ɗauka. Shekara ta gaba kuwa ba zan manta ba, tseren ƙarshe a Burazil, yana bukatar ya zo na biyar, ana yayyafi, Felipe Massa da suke takarar kambun da shi ya riga ya ci tseren har danginsa sun fara rungume juna a gareji, sai a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe Hamilton ya wuce Timo Glock ya zama na biyar ɗin, ya ɗauki kambu da maki 1 shi ma. A wani gidan kallo na gani a Tudun Wada, mu uku ne kacal muka roƙi mai gidan ya sa mana, sauran jama'a suna ta mitar a mayar musu da ƙwallo. Hamilton ya koma ƙungiyar Mercedes 2013, ya ƙara kambu shida tsakanin 2014 da 2020, jimilla 7, daidai da Michael Schumacher. A 2021 Max Verstappen ya ƙwace na takwas ɗin a zagayen ƙarshe a Abu Dabi, har yau ana gardama kan yadda alƙalin tseren ya yi a ranar, ni dai ina cikin masu ganin ba a yi masa adalci ba. 2025 ya tafi Ferrari.

Sana'a ce, babba ma, manyansu miliyoyin dala suke ɗauka a shekara. Amma kujerun fa? Shekara da shekaru ƙungiya 10 ce kowacce mota biyu, mutum 20 ke nan a duniya gaba ɗaya, sai 2026 da Cadillac ta shigo suka zama 22. Kafin ka zauna a ɗaya sai hukumar FIA mai kula da tseren motoci a duniya ta ba ka babban lasin, a ƙa'ida sai ka kai 18 kuma ka tara maki 40 cikin shekara uku daga ƙananan gasanni, su kuma ƙananan gasannin ba biyanka ake ba, kai ke biya, kaka ɗaya ta Formula 2 ta haura Yuro miliyan ɗaya. Iyayen Esteban Ocon gidansu suka sayar suka koma kwana a motar tafiye-tafiye saboda go-kat ɗin ɗansu. Lance Stroll kuwa babansa ƙungiya sukutum ya saya a 2018. Verstappen babansa tsohon direban F1 ne, mamarsa ma ta yi tseren go-kat, yana ɗan 17 ya shiga F1, kafin a sa ƙa'idar 18 ɗin.

Don haka ba zan ɓoye maka ba, ɗan 14 da bai taɓa zama a go-kat ba, F1 ta yi masa nisa ƙwarai. Ni malami ne, na fi son a faɗa wa yaro gaskiya da wuri.

Bakanike, Jega:

Alhaji sannu da ƙoƙari. Ni ban da ilimin Malam, amma shekara ashirin da wani abu ina ƙarƙashin mota, kuma tsoron uwar yaron ga shi ne nawa. Abin da samari ke yi ranar ɗaurin aure ko kai amarya, a ja birkin hannu mota ta yi ta juyi ƙura ta tashi yara na ihu, wannan ba tsere ba ne, ganganci ne. An taɓa jawo min wata mota gareji bayan irin wannan wasan, gefen direba ya lotse har sitiyari ya karkace, takalmin yaron ƙafa ɗaya yana nan maƙale ƙarƙashin birki, ni da hannuna na ciro shi. Ya rayu amma har yau da sanda yake tafiya. Ba bel, ba hular kwano, taya 'yar gwanjo wadda ta riga ta suɗe, ga mutane tsaye kewaye.

Su waɗanda yake kallo a waya, filinsu a killace yake, rigarsu ba ta kama wuta da sauri, ga likita ga motar kashe gobara a tsaye, kuma duk da haka ana mutuwa. Ayrton Senna da ya ci kambu uku a kan fili ya yi hatsarin da ya yi ajalinshi a Imola ta Italiya 1994. Jules Bianchi ya yi hatsari a Japan 2014 bai farfaɗo ba har ya rasu 2015. Bayan nan ne anka sa wani ƙarfe da ke kewaye kan direba a 2018, shi ya tsare kan Romain Grosjean a Baharen 2020, na kalli bidiyon ya fi sau goma, mota ta rabe biyu ta kama da wuta, mutumin ya yi kusan rabin minti ciki ya fito da ƙuna a hannuwa kawai. Ka nuna ma yaron wannan bidiyon, ka ce mishi masu sana'ar da gaske su sunka fi kowa tsoron hatsari.

Kuma ba zama ba ne kawai a taka totur, tseren ya kai kilomita 300, a kwana da wurin birki nauyin da ke danne su yakan kai ninki biyar na jikinsu, shi ya sa kake ganin wuyansu kamar na 'yan kokawa, a wuri mai zafi irin Singafo direba yakan zubar da kilo biyu zuwa uku na zufa kafin a tashi.

Shawarata, makulli dai a ɓoye shi. In an yi hutu ka kai shi garejin wanda ka yarda da shi, ya wanke noti, ya riƙe sifana, ya ga cikin giyabos da idonshi. In son mota ne na gaskiya ba zai gudu ba.

'Yar Argungu:

Malam na Gusau, na yarda da lissafinka amma kamar ka rufe ƙofa da yawa, ai ba F1 kaɗai ba ce tsere. Mu nan mun taso muna jin labarin ralin motoci, wato tseren doguwar hanya daga gari zuwa gari, da ake haɗawa da bikin kamun kifi, ko a 2020 da aka dawo da bikin motoci sun taso tun daga Abuja har garin nan, ƙannena suka kwana suna zancen. Babanmu kuma Allah ya jiƙansa direban babbar mota ne da ke shiga Nijar, yakan ba mu labarin lokacin da ralin Faris zuwa Dakar ke ratsawa ta Agadas, motoci da babura cikin rairayi. An soke na 2008 saboda tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi.

A irin wannan tseren shekaru ba sa kore mutum. Nasser Al-Attiyah ɗan Katar yana da shekara 40 ya fara cin Dakar a 2011, ya kuma sake ci sau da yawa. Carlos Sainz babba ya ci a 2024 yana da 61. Yazeed Al-Rajhi ɗan Saudiyya ya ci 2025 a ƙasarsu. Ga ralin Safari a Kenya tun 1953. Kuma a rali mutum biyu ne a mota, akwai mai karanta hanya a gefe, shi ma sana'arsa ke nan. Rali shi ma yana lashe kuɗi na sani, amma ba a ce sai ka fara kana ɗan 8 ba.

Kawu don Allah kar ka ce masa ba zai yiwu ba kai tsaye, maraya ne, ya faɗa maka abin da ke ransa don ya yarda da kai. In ka gwale shi gobe ba zai faɗa ba, sai dai ka ji labari a waje.

Ɗalibin Injiniya, Aliero:

Baba ni ma ina bayan Anti. Akwai Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya, a gem ɗin Gran Turismo ya ci gasar GT Academy a 2011, Nissan suka ɗauke shi suka horar da shi, 2013 ya zo na uku a ajinsu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Sannan akwai Ugo Ugochukwu, mamarsa 'yar Najeriya ce, McLaren suka ɗauke shi 2021 yana ɗan 13, ya ci babban tseren Macau 2024. Kuma ko bai tuƙa ba, kowace babbar ƙungiya ɗaruruwan mutane ke mata aiki, masu zana mota, masu lissafin iska, masu kwamfuta, masu canza taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da ɗan wani abu. Muryar da kuke ji tana magana da direba ta rediyo ai injiniya ne. Ni abin da ya sa na zaɓi kwas ɗina ke nan wallahi. Ya riƙe lissafi da fiziks da kyau.

Malamin Lissafi, Gusau:

Hajiya na karɓi gyara, rali ya fi kusa da mu, har hanyoyinmu ma sun fi kama da nasa. Amma ɗalibi, Ugochukwu a New York aka haife shi, babansa ɗan Italiya ne, a can ƙetare ya yi go-kat ɗinsa tun yana ƙarami, ba daga nan ya tashi ba. Nahiyar nan gaba ɗaya rabonta da F1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Maganar lissafi kuwa da hannu biyu na karɓa, in Kawu ya yarda ya riƙa turo min takardun jarabawar yaron in duba masa kyauta.

Kawun Yaro, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri ya jiƙan magabata. Daren jiya bayan isha'i na karanta mishi duk abin da kunka rubuta, uwar tashi ma tana zaune. Da na zo wurin takalmin nan da ke ƙarƙashin birki shiru ya yi ya sunkuyar da kai. Labarin Burazil kuwa ya riga ni ƙarasawa, har sunan kwanar ya sani.

Mun yi da shi in an ba da hutu zai fara zuwa garejin wani aminina da safe, ba zai ƙara taɓa makulli ba sai ina ciki, ni kuma na ɗauki alkawarin data ta ranar Lahadi in dai sakamakon lissafi ya yi kyau. Malam zan turo takardun in sha Allah. Abu ɗaya ya roƙe ni, wai ko sau ɗaya yana so ya zauna cikin go-kat ya ji yadda take. Ina da tafiya Abuja bayan sallah, in akwai wanda ya san wurin da ake hawa da hular kwano da mai kula da yara, don Allah ya faɗa min, da nawa ake biya.