Tsiron tumatir ɗina yana ta kwanciya, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ina Kawo a nan Kaduna, ina da ɗan fili a bayan gida da nake son in yi lambu. Saboda kaji da ƙadangaru ba sa barin komai, sai na yafa irin tumatir da tattasai a cikin robobin yogot, na jera su a ɗaki kusa da taga.

Tumatir ɗin yakan fito cikin mako guda, gwanin sha'awa. Amma da ya yi kwana goma sai ya zuƙe, ya yi tsawo siriri yana karkata wajen taga, gindin ya yi baƙi daidai bakin ƙasa, washegari in tarar ya kwanta. Karo na uku ke nan. Tattasan ma bai leƙo ba, ko sanyin hunturu ne ya hana shi?

Na huda ƙasan robobin, na rage ban ruwa, duk a banza. Ƙasar fadama ce na gauraya da kashin shanu, kuma gaskiya bai gama ruɓewa ba. Takin ne matsalar, ko rashin rana? In haske ne, awa nawa zan riƙa fitar da su waje?