Kanel na daskarewa da zarar an kunna MMU a Cortex-A8

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum. Allon AM335x ne, RAM ta fara daga 0x80000000, kanel kuwa an haɗa shi a 0xC0000000. Teburin fassara ya ɗora 0xC0000000 a kan 0x80000000, amma da an kunna bit 0 na rijistar SCTLR, wato makunnin MMU mai fassara adireshi, sai UART, tashar da kanel ke fitar da saƙo, ta yi tsit. Ina matsalar take?

Injiniya_MMU: Wa alaikumus salam. Malam, lokacin da ka kunna MMU, PC ɗinka, wato rijistar da ke nuna adireshin umarni, yana yankin 0x8000xxxx ne har yanzu. Umarnin da zai biyo baya sai an fassara adireshinsa, kai kuwa ba ka tanadar masa gurbi a teburin fassara ba. Firosesa ta nufi teburin vector, inda take komawa idan an sami kuskure, shi ma babu shi, sai ta yi ta zagaye.

Maganinsa ka ɗora wannan megabayit ɗin na 0x80000000 a kan kansa na ɗan lokaci. Teburin matakin farko gurbi 4096 ne, kowanne bayit 4, yana wakiltar 1MB. Lambar gurbi ita ce adireshin bayan ka zubar da bit 20 na ƙasa. Saboda haka gurbi 0x800 da gurbi 0xC00 duk su ɗauki 0x80000C0E. In kanel ya haura 1MB, ka ƙara gurabe. Bayan kunnawa ka yi umarnin isb, ka tsallaka da ldr pc zuwa adireshin sama, ka gyara SP, rijistar da ke nuna stack, sannan ka goge gurbi 0x800 tare da share TLB, ma'ajiyar fassarorin da MMU ta riga ta yi. Kafin kunnawa kuma da adr za ka nemo alamomi, don ldr r0, =alama adireshin 0xC… zai ba ka.

Yar_Lantarki: Ƙari a kan bayanin Injiniya: mai yiwuwa kanel ɗin yana raye, bakinsa ne kawai ya rufe. UART0 tana 0x44E09000, tana buƙatar nata gurbin, wato 0x44E da 0x44E00C16. Na'ura ce, ba a saka ta cache, kuma XN, bit ɗin da ke hana gudanar da umarni daga nan, a kunne.

Tsohon_Makeri: Ku duba abu biyu da kan ɓata wa mutane lokaci. Dole teburin ya zauna a kan iyakar 16KB, domin TTBR0, rijistar da ke riƙe adireshin teburin, ba ta karanta bit 14 na ƙasa a matsayin adireshi idan TTBCR.N sifili ne. Shi ya sa Linux ke ajiye nasa a 0x4000 daga farkon RAM, ƙasa da kanel da ke 0x8000. Sai DACR, rijistar izinin shiga domain, wato rukunin gurabe: in domain 0 yana 00, ko teburin ya yi kyau za a hana shiga. Sa masa 01.

In U-Boot, manhajar da ke ɗora kanel, ya bar D-cache a kunne, a zazzage ta zuwa RAM, a yi umarnin dsb da TLBIALL mai share TLB tukuna. Da JTAG, hanyar leƙa cikin firosesa daga waje, kuma ka karanta IFSR ko DFSR, rijistocin da ke nuna dalilin kuskure: 5 babu gurbi, 9 domain ne, 13 izini ne.

Sabon_Hannu: Na gode ƙwarai. VBAR fa, rijistar adireshin teburin vector, kafin kunnawa zan saita ta ko bayan tsallakawa?

Injiniya_MMU: Sau biyu. Da farko a adireshin 0x8…, in ka haye sama ka mayar da ita 0xC… kafin ka goge gurbin wucin gadin.